Tambayar Baba Sada

Akwai wata mata a Batsari, sunanta Zuwairatu. Tana sayen wake da gyaɗa a hannun matan Yasore da Darini. Da hanya ta lalace, masu saye suka daina zuwa, sai ta yanke shawarar buɗe shafi a intanet.

Ta kira Esther, masaniyar kwamfuta daga Katsina. Esther ta ce shafi yana zama ne a kan saba, wato na'urar da ke riƙe shi, kuma manhajar saba iri biyu ce. Akwai ta kamfani, a kulle take, su kaɗai ke gyara ta, amma ko yaushe aka kira su za su amsa. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda duk mai sani zai iya duba cikinta.

Ran Zuwairatu ya kwanta da ta kamfani. Mahaifinta, Baba Sada, yana gefe yana ɓarar gyaɗa. Ya tambaya ko ita sabar tana cin abinci. Kunya ta kama Zuwairatu, amma ta bar shi ya ci gaba.

"'Yata," ya ce wa Esther, "in muka rabu da kamfanin, za mu tafi da irinmu?"

Ya ba su labarin shekarar da ya shuka masarar kamfani. Ta yi kyau ƙwarai. Ya ajiye iri kamar yadda ya gada, da damina ta zagayo gonar ta ba shi kunya.

Esther ta ce a wannan kamfanin dai, kwashe kayan shafin, wato bayanan da aka tara a ciki, sai da wahala. Amma buɗaɗɗiyar ma kamar rumbu take, in ba a yaɓe ta, za ta zube.

"Yaɓe mun iya," in ji tsohon.

Suka ɗauki buɗaɗɗiya, Esther tana kula da ita.

Bayan shekara biyu aiki ya mai da Esther Jos. Ana tsakiyar kaka shafin ya tsaya, waken mata talatin yana jiran masu saye. Wani masanin kwamfuta, Muntaka daga Safana, ya buɗe manhajar, ya karanta abin da Esther ta bari a rubuce, kafin la'asar ya tayar da shafin.

Baba Sada bai ga wannan kakar ba, ya riga ya rasu. Zuwairatu ta daɗe tana kallon tabarmarsa.

Darasi: Kafin ka ɗora sana'arka a kan abu, tambayi wa ke riƙe da makullinsa, wa kuma zai gyara. Kada ka raina tambayar tsoho. Ku tura wa 'yan'uwa masu sana'a.