Malam Sallau da Tudun Kwanar Kuka

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, a zamanin da kwalta ta fara ratsa ƙauyukanmu, manyan motoci suka karɓi aikin raƙuma da jakuna. Ana kiransa Malam Sallau. Ku gyara zama ku saurara, domin ni ba na kawo labari a wannan majalisi sai wanda na karɓa daga manya, wannan kuwa na karɓe shi ne daga bakin waɗanda suka ga mutumin da idonsu.

Malam Sallau direban babbar mota ne tun yana saurayi. Da girma ya fara kama shi, zuciyarsa kuma ta gaji da ganin gawa an rufe ta da ganye a gefen titi, sai ya ajiye tuƙi. Ya kama ɗan shago a bayan tasha, ya sa tebur da benci, ya kafa allo a ƙofa cewa shi mai ba da shawara ne kan kiyaye haɗarin hanya. Mutane suka yi ta dariya, suna cewa yaushe shawara ta zama hajar sayarwa? To, ku sani, jama'a, wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A zamanin fatake, ayari ba ya tashi sai jagaba ya wuce gaba ya dubo mashigin rafi, ya dawo ya ce a bi nan, kada a bi can. Kakanninmu sun san darajarsa, ba su kuma hana shi haƙƙinsa ba. Abin da Sallau ya farfaɗo da shi ke nan.

Aiki yana zuwa masa jefi-jefi. Yau shugaban makaranta ya kira shi ya nuna inda ɗalibai za su riƙa tsallake titi, gobe mai gidan burodi ya kira shi ya yi wa direbobinsa nasiha. Sarkin tasha kuma yakan ba shi dama ya yi magana da direbobi kafin su ɗauki lodi. Abin da yake samu da ƙyar yake ɗora tukunya. Amma yana da ƙa'ida guda wadda bai taɓa saɓa mata ba: ba ya cewa uffan a kan wata hanya sai ya bi ta da ƙafa kamar mai tsallakawa, sannan ya bi ta a gaban mota kamar mai tuƙi. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare ta.

Akwai wani ƙauye a kan babbar hanyar, a gindin wata gangara. Mota idan ta sauko gangarar sai ta sha wata kwana mai tsanani, inda wata tsohuwar kuka da wani dutse suka tare gani. Ana kiran wurin Kwanar Kuka. A nan ne wata ranar kasuwa mota ta buge Uwani, 'yar wani mai sayar da rake da ake kira Mati, ta rasu nan take. Allah ya jiƙan namu da suka riga mu.

Mati bai jira kowa ba. Bayan sadakar uku ya ɗauki diga da kwanon sarki, ya fara tara ƙasa da tsakuwa a kan kwalta, daidai inda 'yarsa ta faɗi. Matasan gari suka kama masa. Kafin rana ta faɗi sun gina tudu ya ratsa titin daga gefe zuwa gefe, mai tsayi har gwiwa, domin kowace mota ta tsaya dole. Haka mutanenmu suke yi har yau, kun sani: inda aka zubar da jini, nan ake gina tudu.

Dagacin ƙauyen ya ji labarin Malam Sallau, ya aika aka kira shi. Sallau ya zo, ya yi gaisuwa, ya yi ta'aziyya. Dagaci ya ce, "Malam, abin da nake so kaɗan ne. Ka duba tudun nan ka ce ya yi daidai, don idan hukuma ta tambaya mu ce masani ya gani. Idan ka yi mana haka, ni zan haɗa ka da duk dagatan da ke kan hanyar nan. Kowane ƙauye zai zama naka."

Ku duba, jama'a. Mutumin da shagonsa ke neman rufewa, ga shi an buɗe masa ƙofar arziki da kalma ɗaya.

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in bi hanyar tukuna."

Ya bi ta da ƙafa. Ya hau saman gangara ya tare wata mota, ya sauko zaune a gabanta kusa da direba. Ya dawo ya durƙusa gaban dagaci, Mati yana zaune a gefe, ya ce, "Ranka ya daɗe, tsoronku gaskiya ne, wurin nan yana kisa. Amma tudun ba a mazauninsa yake ba. Direban da ya sauko da kaya ba ya ganinsa sai ya shawo kwana, a lokacin kuwa birki ba ya cetonsa. Ko dai ya dake shi motar ta kife, ko ya kauce ya bi ta kan na gefen titi. Sama ya kamata a kai shi, kafin gangara, a rage masa tsayi, a shafa masa farar ƙasa."

Mati ya miƙe tsaye. Ya ce, "Kai, dattijo, ka taɓa ɗaukar gawar 'yarka a hannu?"

"Ban taɓa ba, Malam Mati. Allah ya ba ka haƙuri."

"To, a nan ta faɗi, ba a sama ba! Nawa direbobi suka ba ka? Ai dama ɗaya daga cikinsu ne kai. Wallahi duk wanda ya taɓa tudun nan sai dai ya fara binne ni a ƙarƙashinsa."

Dagaci ya kawar da kai ya ce, "Malam, mun gode. A sauka lafiya."

Ba a nan jarrabawar ta tsaya ba. Da labari ya kai tasha, Sarkin tasha ya zo shagon Sallau yana murna. Ya ce, "Sallau, ashe har yanzu kai namu ne! Tudun nan ya karya mana sifirin, ƙarafan ƙarƙashin mota, ya fi a ƙirga. Gobe zan cika mota da yaran tasha mu je mu baje shi. Kai dai ka tsaya a gaba ka ce kai ka ba da shawara."

Sallau ya ce, "Sarki, ba zan je ba. Mutanen nan 'yarsu aka kashe, kuma mu direbobi muka kashe ta. Idan ka baje tudun da ƙarfi, gobe za su gina wanda ya fi shi, su kuma tanadi duwatsun jifa. Da hannunsu suka gina shi, da hannunsu za su ɗauke shi."

Sarkin tasha ya karkaɗe rigarsa ya ce, "To, malamin ƙauyawa, daga yau ka nemi inda za ka riƙa wa'azinka. Ban da tashata."

Kun ji fa. Ƙauye sun ce shi ɗan direbobi ne, direbobi sun ce shi ɗan ƙauye ne. Shago ya yi tsit. Matarsa Tabawa, mace mai haƙuri, ranar nan ta kasa daurewa ta ce, "Malam, kai kaɗai ne mai gaskiya a ƙasar nan? Ka faɗa, an ƙi ji. Ai ka fita haƙƙinsu."

Ya ce, "Tabawa, na fita haƙƙin masu kunne. Waɗanda motar za ta bi ta kansu fa? Ara mini jan ɗankwalin nan naki."

Ya ɗaura ɗankwalin a kan sanda. Daga ranar, kowace ranar kasuwar ƙauyen, Malam Sallau yakan hau kekensa ya je saman gangara ya tsaya, yana ɗaga wa kowace babbar mota jan ƙyalle, yana cewa, "Sa giya ta ƙasa! Akwai tudu bayan kwana!" Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Rana ta dake shi, damina ta zo ruwa ya dake shi. Direbobi suna wucewa suna tsokanarsa, "Ɗan sanda marar albashi, yau ma kana bakin aiki?" Yakan ce, "Ina nan. Sa giya ta ƙasa." Samarin ƙauye sukan ce, "Ga mahaukacin tuta can." Bai fasa ba.

Wani abu kuma ya ƙaru wanda ya hana shi sakewa. Ku kanku kun san halinmu: duk inda mota take rage gudu, nan kasuwa take ci. Kafin wani lokaci gefen tudun ya cika da 'yan talla, masu gyaɗa, masu dafaffen ƙwai, masu rake, suna rugawa gaban kowace mota da faranti a ka.

Wata ranar kasuwa Mati ya gaji da ganin jan ƙyallen nan a saman garinsu. Ya hau gangara da gora a hannu. Ya ce, "Dattijo, kana tsaye a nan kana gaya wa duniya cewa aikina mugun aiki ne. Ka bar mana gari."

Sallau ya ce, "Zan bari, Malam Mati, amma ina roƙon alfarma guda. Kai ka bi hanyar nan da ƙafa, ka san ta fiye da ni. Ba ka taɓa bin ta a gaban mota ba. Mu sauka tare sau ɗaya. Idan muka isa ƙasa ka ce ƙarya nake yi, ba za ka sake ganin ƙafata a nan ba."

Mati ya ce, "Ka rantse?"

"Na yi alkawari, Allah ne shaida."

Sai ga wata mota shaƙe da buhunan masara, direbanta Jatau, tsohon abokin tuƙin Sallau. Suka shiga gaba, Mati a tsakiya. Jatau ya sa giya ta ƙasa, mota tana gurnani tana sauka a hankali. Mati yana kallon gaba, ba ya ganin komai sai kuka da dutse. Ya ce, "Ina garin?" Suna shawo kwana sai ga tudu a ƙarƙashin hancin mota, ga 'yan talla sun taso a guje. A gabansu duka, da farantin rake a ka, Talatu ce, ƙanwar Uwani, 'yar da ta rage wa Mati.

Jatau ya taka birki da dukan ƙarfinsa. Mota ta yi ƙara, kaya suka turo ta, ta ja, ta ja, sannan ta tsaya tayoyinta na gaba a kan tudu. Talatu tana tsaye dab da ƙofa tana cewa, "A sayi rake!" Sai ta ga ubanta a ciki, ta ce, "Lah, Baba, yaushe ka zama yaron mota?"

Jatau ya share gumi ya ce, "Wannan fa an gargaɗe ni tun daga sama. Baƙon direba da ya zo ranar da Sallau ba ya nan, sai dai Allah ya kiyaye."

Mati ya sauko daga motar. Ya sauke farantin daga kan yarinyar, ya riƙe hannunta. Sannan ya ce wa samarin da suka taru, "A kawo mini diga."

Ku saurari abin da Malam Sallau ya yi, domin a nan girmansa yake. Bai ce ai na faɗa muku ba. Da Mati ya kafa diga a tudun yana hawaye, Sallau ya ɗauki kwanon sarki ya tara masa, ya ce, "Malam Mati, ƙasar nan da ka tara saboda Uwani ba za a zubar da ita a daji ba. Ita za mu kai sama mu gina sabon." Ya ɗora kwano a kansa, da furfurarsa, ya fara hawa gangara. Mati ya bi shi, gari ya bi su, har Jatau ya bar motarsa ya kama shebur.

Daga wannan rana ba sai dagaci ya haɗa shi da kowa ba. Mati da kansa ya riƙa gaya wa masu zuwa kasuwa, ƙauyuka suka riƙa aikowa. Sarkin tasha ya zo da ƙafarsa ya ce a yafe. Shagon ya bunƙasa har Sallau ya ɗauki tsofaffin direbobi suna taya shi, ya kuma ɗora su a kan ƙa'idarsa: a bi da ƙafa, a bi a mota, sannan a buɗe baki.

To, jama'a, ga darasin a fili. Gaskiya ba ta cika da faɗi kawai. Wanda ya faɗi gaskiya aka ƙi ji, ya naɗe tabarmarsa ya tafi yana jiran ranar da za a ce ai ya faɗa, wannan kansa ya yi wa aiki. Mai gaskiya na haƙiƙa shi ne wanda ya faɗa, aka zage shi, ya tsaya yana tsare waɗanda suka zage shi har Allah ya buɗe idonsu. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da cuta daga hanya yana cikin imani, haka muka tarar magabata suna yi. Kai mai shago, kai magini, kai malamin asibiti, za a zo maka wata rana a ce ka ce ya yi daidai alhali ka san bai yi ba, a kuma nuna maka abin da za ka samu. Ka tuna Sallau. Ku kuma da baƙin ciki ko fushi ya sa kuka gina wani abu a gidajenku ko a unguwarku, kafin ku rantse ba za a taɓa shi ba, ku daure ku shiga mazaunin ɗan'uwanku ku duba daga can. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da juriyar tsayawa a kanta, ya kai matafiyanmu gida lafiya.