Kafintan Da Ya Yi Wa Takardu Jana'iza

Akwai wani kafinta mai suna Gawie a wani ƙaramin gari cikin busasshen yankin Karoo. Shagonsa tsohon ɗakin ibadar Yahudawa ne, waɗanda suka watse zuwa birane shekaru arba'in da suka wuce. Da hantsi, rana kan ratso tagar shuɗin gilashi ta zuba kan garin katako, har ya ga kamar a ƙarƙashin ruwa yake aiki.

Sai ga wasiƙa: magajin ginin, Meneer Lurie, zai zo ya sayar da shi ga masu gidan mai.

Gawie ya hau benen da mata ke zama lokacin ibada a da, yana kwashe kayansa. Nan ya tarar da buhun yagaggun takardu masu baƙon rubutu. Ya kai bayan shago, ya ɗauko ashana.

"Ajiye ashanar nan, ɗan nan," in ji Tannie Mieta, tsohuwar da ke suyar fanke a bakin titi. "A da mahaifiyata ce ke hura wa Yahudawan nan wuta ranar Asabar, ranar hutunsu. Ba sa ƙona takardar da ke da sunan Allah. Binnewa suke."

"Tannie, ni ake kora, kuma ni zan yi wa takarda jana'iza? Har da zaman makoki?"

"Kai dai ba kafinta ba ne? Ko bakin ne kawai?"

Ya yi dariya, amma ya zaro katakonsa mafi kyau ya haɗa ɗan akwati. Suka binne shi a tsohuwar maƙabartarsu, gindin wata bishiya. Tannie ta lumshe ido, tana rera wani amo da take ji ta tagar ɗakin ibadar tun tana yarinya. Kalmomin sun ɓace mata, amon ne ya rage.

Amon ya maƙale wa Gawie. Shi yake rerawa ranar da wani tsoho ya tsaya a ƙofa, takardun ciniki a hannunsa. Meneer Lurie ne.

"Malam kafinta, a ina ka samo wannan? Waƙar mahaifina ce."

Gawie ya kai shi gindin bishiyar, ya gaya masa abin da ke ƙasa. Meneer Lurie ya daɗe a tsaye. Sannan ya ninke takardun ya sa aljihu.

"Gidan mai ba ya waƙa. Ci gaba da aikinka."

Darasi: Abin da wasu suka girmama, kada ka wulaƙanta shi don ba naka ba ne, ko da masu shi sun yi nisa. Ku tura wa abokanku, musamman masu saurin ƙyasta ashana.