Inno, Sai an Gama Wasa

An yi wani mutum a nan Nasarawo, malamin Turanci. Ba zan kama suna ba, don yana raye.

Wani tsohon littafin Ingila ne ya shiga ransa, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin duniya ya tarar uwarsa ta ɓace. Turawa sun yi wasan dandamali da shi, sun yi fim. Mutumin nan ya kalli fim ɗin har faifan ya gaji. Ba shi da buri sai ya mayar da labarin Hausa, a yi wasansa a makarantarsu, shi ya fito a sojan.

Karatu ba laifi ba ne, ya 'yan uwa. Ku dai saurara.

Mahaifiyarsa, Inno, tana ƙauyensu ta wajen Borno, ga masu tayar da ƙayar baya suna ta matsowa. Ta ari waya ta kira shi.

"Maƙwabta sun fara tashi. Na ɗaure kayana. Yaushe za ka zo?"

"Inno, ki yi haƙuri. Asabar za mu yi wasan, Lahadi da sassafe ina hanya."

"To, Allah ya kai mu."

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil. Ya hau dandamali yana kiran uwar ƙarya ta cikin wasan, hawaye shaɓe-shaɓe, mata suna share ido da mayafi. Aka yi ta tafa masa. Bai san tun jiya Juma'a an shiga ƙauyen ba.

Lahadi ya tarar an rufe hanya. Waɗanda suka tsira suka ce sun baro ta zaune a kan ƙullinta a ƙofar gida. Ta ƙi shiga mota, wai kada ɗanta ya zo bai same ta ba.

Ba gawa, ba labari. Aiki ya gagare shi. Har yau yana tashar Bolari, duk motar da ta tsaya sai ya leƙa fuskokin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Wallahi in na gan shi tausayi yakan kama ni. A littafin, sojan ya ga uwarsa a babin ƙarshe.

Wane ne a cikinmu bai taɓa ce wa iyayensa "sai Lahadi" ba? Wa ya yi maka alkawarin Lahadin? In uwa ta kira, ajiye abin da ke hannunka.

Allah ya haɗa shi da ita, ko a nan ko a can. Mu kuma Allah ya kiyaye mu.