Ƙafata Ta Fara Taɓa Ƙasa

Akwai wani mutum, manomin citta, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Ba mashayi ba ne, ba malalaci ba ne, kuma ba ya fashin sujada. Na faɗi wannan tun da farko don kada wani a cikinku ya gyara zama ya ce, to, labarin mutanen banza ne, ba da ni ake ba. Da kai ake.

Mutumin nan yana da mata, sunanta Damaris, da 'ya ɗaya tak, Keziya, wadda Ubangiji ya ba su bayan sun yi shekara tara suna jira. A tsakar gidansu akwai wani babban maɗaci da mahaifinsa ya dasa. Da yarinyar ta kai shekara huɗu, sai ya hau itacen ya ɗaura igiya a wani reshe, ya sa guntun katako, ya zama lilo. Kowace yamma in ya dawo daga gona, kafin ma ya wanke ƙafa, sai ta hau, shi kuma ya tsaya a bayanta ya ce, “Riƙe da kyau, ga ta nan ta tafi.” Ya tura ta. Har maƙwabta sun san ƙarar dariyarta.

Wata rana, tana shekara shida, zazzaɓi ya kama ta, uban ya goya ta zuwa ɗakin shan magani. Suna zaune a benci suna jiran layi, sai idonta ya faɗa a kan wata kalanda a bango. Hoton wani babban filin wasa ne na birni, irin wanda ake biyan kuɗi a shiga, mai lilo iri-iri da inji ke juyawa. A tsakiyar hoton akwai wasu agwagin roba masu ruwan ɗorawa, jere a da'ira, kowace da yaro a bayanta. Yarinyar da tun safe ta ƙi buɗe baki, sai ta ɗaga yatsa.

“Baba, zan hau agwagwar can.”

Ya dubi hoton, ya dubi 'yarsa da jikinta ke zafi kamar garwashi, zuciyarsa ta karye. Ya ce, “Za ki hau. Ni da kaina zan kai ki, ke da Mamanki.”

Ta warke, shi kuwa bai manta ba. Ranar kasuwa ya sayi asusu na yumɓu, babba, irin wanda ba a buɗe shi sai an fasa. Ya nemi wani direba mai zuwa birnin ya tambaye shi komai: kuɗin mota, kuɗin shiga, kuɗin kowane lilo, na masauki da na abinci. Ya dawo gida ya tsara abinsa. Ya bar shan shayi a tasha. Ya ce takalminsa na roba zai ƙara shekara. In an sayar da citta, kafin a taɓa komai sai an cire zakka, sannan a cire na asusu. Kuma ku ji ni da kyau, duk wannan daidai ne. Da ma rabinmu za su iya haka, da ba a zuwa ƙofar fasto da kuka a watan Janairu.

Shekara ta zagayo, Damaris ta ɗaga asusun ta ji nauyinsa. Ta ce, “Baban Keziya, wannan ai zai kai mu ya dawo da mu. Mu soya gyaɗa, mu ƙulla dambu, mu kwana a gidan yayana da ke can. Yarinya ta hau agwagwarta mu dawo.”

Ya girgiza kai. “Ba zan kai 'yata birni da tsohuwar riga ta tsaya tana kallon 'ya'yan wasu suna lasar askirim ba. In za mu je, mu je kamar mutane. Bari mu ƙara shekara ɗaya.”

A shekara ta biyu kuɗin mota ya tashi. A ta uku citta ta ruɓe a ƙasa. A ta huɗu direban ya gaya masa an kawo sabbin lilo, sai ya ce ai dole ta hau duka, ba za a yi rabin abu ba. Don asusu ya cika da wuri, ya karɓi ƙodago a gonar wani, yana tashi daga tasa ya wuce waccan. Yanzu ba ya shigowa gida sai rana ta faɗi, ya ci tuwo yana gyangyaɗi. Keziya takan zauna a kan lilon ita kaɗai, tana tura kanta da ƙafa.

Wata Asabar ya dawo da ɗan sauran haske, ta tare shi a bakin ƙofa.

“Baba, ƙafata ta fara taɓa ƙasa. Ka ɗage mini igiyar.”

Aikin minti nawa ne, 'yan'uwa? Hawa ɗaya ne da ƙulli ɗaya. Amma ya gaji, kuma kansa yana can wajen lissafi. Ya shafa kanta ya ce, “Rabu da wannan tsohuwar igiya. Lilo na gaske zan kai ki.” Ta ce to. Bayan wata biyu ta sake tambaya, ya ba ta amsa iri ɗaya. Ba ta tambaya ta uku ba. Yara ba sa yawan tambaya ta uku, sai dai mu iyaye mu ɗauka sun manta.

Ana nan sai masu yankan katako suka shigo ƙauyen da injinsu, suka ga maɗacin, suka yi masa tayi mai tsoka. Damaris ta roƙe shi har da hawaye. Ta ce, “Inuwarmu ke nan. Lilon yarinya yana jikinsa.” Ya ce, “Haba, Maman Keziya, ai don yarinyar nake yi.” Kuma da gaske yake, wannan ne abin baƙin cikin. Ba mugunta ce ta kayar da itacen nan ba, ƙauna ce da ta ɓata hanya.

Keziya ta dawo daga makaranta ta tarar da rana tsaye a tsakar gida, inda ba ta taɓa ganinta ba. Ta tsinci igiyar daga cikin ganyen da aka zubar, ta naɗe ta, ta kai ƙarƙashin gadonta.

A shekara ta bakwai asusu ya cika, har kuɗi ya ƙi shiga. Kashegarin Kirsimeti mutumin ya fasa shi, aka ɗinka wa kowa sabbin kaya, suka hau mota. Tun daga ƙauye har birni bakinsa bai rufu ba. Ya gaya wa wanda ke zaune kusa da shi, ya gaya wa kwandasta, ya gaya wa mai sayar da ayaba ta taga cewa yau zai cika alkawari.

Filin wasan ya fi na kalanda kyau. Ga kiɗa, ga fitilu da rana tsaka, ga wani lilo mai tsawo kamar ya taɓo gajimare. Bai tsaya kallon ko ɗaya ba. Ya kama hannun Keziya yana ratsa jama'a yana tambaya, har ya same su. Agwagin suna nan, masu ruwan ɗorawa, an sake musu fenti. Ya sayi tikiti, suka shiga layi. Murna ta hana shi lura cewa duk yaran da ke layin, babu wanda kansa ya kai kafaɗar 'yarsa.

A bakin shiga akwai wani allo a tsaye, da jan layi a jikinsa. Wata mata mai aikin wurin tana tsayar da kowane yaro a jikin allon. Wanda kansa bai wuce layin ba, ya shiga. Wanda ya wuce, ya yi wa agwagwa girma, ba za ta ɗauke shi ba.

Keziya ta ga allon tun daga nesa, ta kuma gane. Shekararta goma sha uku, ta san ta wuce. Ta waiga ta dubi fuskar babanta, ta ga irin hasken da ke cikinta. Da layi ya zo kanta, ta jingina da allon, sai ta lanƙwasa gwiwoyinta a hankali a ƙarƙashin sabuwar rigarta, tana rage tsawonta.

Matar ta gani. Ta ce da murya ƙasa-ƙasa, “'Yata, miƙe tsaye.”

Ta miƙe. Kanta ya wuce jan layin da kusan tafin hannu.

Uban ma ya gani. Ya ga gwiwoyin nan sun lanƙwashe, ya kuma gane ba don agwagwa ta yi ba, don shi ta yi. Ya matsa kusa da matar, ya cire hularsa. “Baiwar Allah, ki taimaka. Shekara bakwai nake tara kuɗin nan. Zan biya ninki biyu.”

Ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, ba maganar kuɗi ba ce. Da ka kawo ta tun tana ƙarama.”

Damaris ta juya baya tana share ido da bakin gyale. Keziya ce ta kama hannunsa ta ce, “Baba, ba komai. Mu je wani.”

Suka je wani. Ta hau babban lilon mai tsawo, ta hau mai juyawa, ta sha askirim, ta yi godiya a kan kowanne kamar baƙuwa a gidan mutane. Kuɗi ya isa har ya yi saura. A mota, kan hanyar komawa, ya daure ya tambaye ta, “Kin ji daɗi kuwa?”

Ta ce, “Na ji, Baba. Na gode.” Sannan ta ƙara, ba da nufin ta soke shi ba, “Sai dai inji ne ke turawa. Babu mai cewa riƙe da kyau.”

Bayan mako biyu Keziya ta koma makarantar kwana da take yi yanzu. Damaris tana share ɗakinta, ta jawo igiyar nan daga ƙarƙashin gado, a naɗe, da guntun katakon a jikinta. Ta kai wa mijinta. Ya karɓa, ya fita tsakar gida yana ɗaga kai yana neman reshe. Babu reshe. Ya zauna a kan kututturen maɗacin, igiya a cinyarsa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar da aka binne mahaifinsa.

To, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malamin Lahadi ya hana tanadi. Ban hana ba. Ku yi asusu, ku tsara kuɗinku, ku kai 'ya'yanku su ga wurare in Ubangiji ya hore. Laifin mutumin nan ba asusu ba ne. Laifinsa shi ne ya sayar da abin da Allah ya riga ya ba shi a tsakar gida, domin ya sayi abin da ya gani a jikin bango.

Maɗacin nan shi ne alherin yau. Shi ne yamman da kake gida, da ƙarfin hannunka, da yaron da har yanzu yake gudu ya tare ka a ƙofa. Ba ka biya ko kwabo ba, shi ya sa kake raina shi. Jan layin kuwa lokaci ne. Allah ne ya ja shi, kuma ba ya matsar da shi don wani ya cire hula, ko don an yi tayin ninki biyu. Kuɗi yakan jira a cikin asusu shekara bakwai bai ce komai ba. Yaro ba ya jira. Kullum kana barci yana ƙara tsawo.

Kuma ba ga 'ya'ya kaɗai muke yin haka ba. Wani a nan yana cewa zai je ya gaida tsohuwarsa in ya sami abin da zai riƙa mata. Ita fuskarka take so, ba buhun shinkafa ba. Wata tana cewa za ta shirya da 'yar'uwarta in an yi bikin ƙarshen shekara. Da yawanmu muna ce wa Ubangiji, bari in gama gini, bari yara su gama makaranta, sa'an nan in ba ka lokaci mai kyau, cikakke, ba rabi-rabi ba. Mun mai da “in na shirya” ya zama addininmu. Ubangiji bai ce ka zo masa da sabuwar riga ba. Yau yake kira, da tsohon takalminka na roba.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne gwiwoyin yarinyar. Ku duba gidajenku da kyau. Akwai yaran da suke lanƙwasa kansu don kada ran iyayensu ya ɓaci. Suna cewa “ba komai, Baba,” suna cewa “na gode, Mama,” mu kuma muna yabonsu muna cewa yaron nan akwai haƙuri. Wani lokaci ba haƙuri ba ne. Ya gaji da tambaya ne.

Allah mai jinƙai ne, yana gafarta wa uba irin wannan, na kuma gaskata 'yarsa ma ta gafarta masa tun a mota. Amma gafara ba ta mai da 'yar shekara goma sha uku ta koma shida. Mutumin nan zai iya dasa wani maɗacin, sai dai jikokinsa ne za su hau.

Saboda haka in an tashi sujada yau, kada ka tsaya dogon taro a bakin coci. Ka tafi gida. Ka tuna wane ne ya tambaye ka abu sau biyu, sa'an nan ya yi shiru. In itacenka yana tsaye har yanzu, ka gode wa Allah, ka cire rigar Lahadi, ka hau ka ɗage igiyar.