Ranar da Mai Ganga Ya Ja Rufi da Mota

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan bayan Siparia wanda hadari ya ritsa da shi da rana tsaka a kan dandamalin shanya, kafaɗarsa a jikin rufi, yana turi yana nishi, rufin ko gezau. A ƙarƙashin ƙafafunsa ga kokon cakulan, amfanin shekara guda cur, ya sha rana kwana biyar, saura yini ɗaya a zuba a buhu. Ta wajen Moruga kuwa sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen ayaba. Kun san wannan iskar. In ta taso, kafin mutum ya gama alwala ruwa ya sauko.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ga wasunku can a sahun baya har sun fara murmushi. Mu kira shi da laƙabin da gari ya sa masa, Mai Ganga.

Me ya kai ƙaton mutum mai tumbi, ɗan shekara hamsin da biyar, ga turin rufin da sai mutum takwas ke gusarwa? Ku gyara zama.

Mahaifinsa manomin koko ne, kokon nan da ake yin cakulan da shi. Ɗakin shanyarsa irin na kowa ne: dandamalin katako, da rufin kwano a kan tayoyin ƙarfe, da layin dogo biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Rana ta fito, a tura rufi baya. Hadari ya taso, a turo shi ya rufe. A jikin mangwaron ƙofar gida kuma akwai guntun bututun ƙarfe a rataye. Aka buga shi, duk wanda ya ji zai yar da abin da ke hannunsa ya sheƙo, Musulmi ne, Kirista ne, ko Hindu. Huɗu a dama, huɗu a hagu, ɗaya ya ba da waƙa don ƙafa ta zo daidai. Domin in gefe ɗaya ya riga ɗaya, taya ta sauka daga dogo, shi ke nan rufi ya zauna.

Wannan ita ce gayyarmu. Ba a biyan ta da kuɗi. Ka tura wa mutum, ya tura maka.

Sai gangar ɗanyen mai ta haura dala ɗari. Kun tuna shekarun nan. Kowane yaro yana son ya sa hular ƙarfe ya tafi rijiyar mai. Mai Ganga ya sayi babbar mota guda yana jigilar bututu, kafin shekara ta zagayo sun zama uku, daga baya tara. Ya sare rabin gonar ubansa ya yi wurin ajiye su. Ya kewaye gida da katanga mai tsayin mutum biyu, ya dasa fasassun kwalabe a kanta, ya sa ƙofar ƙarfe mai buɗewa da lantarki. Bututun mangwaro kuwa ya sa aka cire, wai yana hana shi barcin rana.

Komai da ganga yake auna shi. Ya ga akuyar layya, sai ya ce, "Wannan ai ba ta kai ganga biyu ba." Aka ce masa wance ta haihu, ya ce, "Ku kai mata ganga ɗaya." Daga nan sunan ya bi shi.

Arziki laifi ne? A'a. Allah ne ya binne man nan a ƙarƙashinmu, kuma da shi aka sa wa masallacin nan fanka. Laifin yana wani wuri.

Wata Laraba aka buga ƙarfe a gidan yayarsa Zobida, wadda yake kira Didi. Mutum bakwai suka zo, saura ɗaya. Sai ga Mai Ganga a hanya cikin motarsa mai sanyi. Zobida ta tare titi da hannu biyu, mayafinta yana tashi.

"Kai, sauko! Gefen hagu babu mutum!"

Ya sauke gilashi kaɗan, daidai faɗin hancinsa.

"Didi, takalmin nan daga Miami ya zo. Ki sare itatuwan nan in buɗe miki shago. Wa ke cin koko yanzu?"

Ya miƙo mata ambulan ta tagar, wai a ɗauki lebura. Ta dubi ambulan, ta dube shi.

"Ambulan yana da kafaɗa ne? Wuce, ɗan gidan Baba. Wuce kada sanyinka ya tsere."

Tsoho Cuthbert, maƙwabcinsu, mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, shi ya cike gurbin. Rufi ya rufu, koko ya tsira, aka ci gurasar roti da miyar kabewa ana dariya.

Sai farashi ya faɗi. Ba a hankali ba, kamar kwakwa daga bishiya. Ɗari ta koma sittin, sittin ta koma ƙasa da arba'in. Famfunan mai da ke gyaɗa kai a bakin hanya suka tsaya cak. Kamfani ya sallami 'yan kwangila. Motocin Mai Ganga suka jeru a fili, ciyawa ta fito tsakanin tayoyinsu, kazar maƙwabta ta yi ƙwai a kujerar direba. Ya dinga sayar da su ɗaya bayan ɗaya a kuɗin ƙarfen bola, yana cewa, "Wata mai zuwa za ta tashi." Ba ta tashi ba.

To, ku dubi hikimar Ubangiji. Faɗuwar da aka ce za ta kashe garin nan, ita ta tashe shi. Samarin da aka sallama suka dawo suka wasa addunan kakanninsu. Aka share gonakin da suka zama daji. Zobida ta haɗa ƙungiyar manoma. Masu yin cakulan na ƙasashen waje suka ɗanɗana kokonmu suka ce ba su taɓa jin ƙanshi irinsa ba. Ƙarfe ya dawo yana kuka a kowace unguwa. Aka aiko cewa ranar Asabar wata mata za ta zo daga Port of Spain ta gwada kokon kowa, gonar da ta ci gwaji za a dinga sayen amfaninta shekara biyar a jere.

Mai Ganga ya tuna da rabin gonar da bai sare ba. Ita kaɗai ta rage masa, ita da gida da ƙaramar motar akori-kura. Ya ɗauki leburori daga nesa, suka girbe, suka fasa, suka rufe ƙwayar da ganyen ayaba ta yi gumi kwana shida. Koko ya yi kyau, don ƙasar ubansa ba ta riƙe shi a zuci ba. In ya ci gwajin Asabar, gida da gona sun tsira. In ya faɗi, babu abin da zai ci sai ya sayar da su.

Tsoho Cuthbert ya zo ƙofa da kwalbar man kwakwa.

"Yaro, buɗe mu shafa wa dogon nan mai. Shekara goma ba a tura shi ba."

"Kawu Cuthbert, na sa masa inji. Maɓalli ɗaya zan danna."

"Inji ya iya waƙa?"

"Ba ya buƙata."

Gaskiyar magana, kunya yake ji. Ba ya son a shigo a ga falo babu kujeru, a ga inda talabijin ya bar tabo a bango.

Mu koma inda muka bar shi. Iskar farko ce ta ɗauke wuta. Ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Matarsa ta tafi kasuwar San Fernando, leburori sun koma garinsu. Ya sa kafaɗa, ya tura har idonsa ya yi ja. Ya waiga wajen mangwaro, babu bututun da zai buga.

Sai ya ji ƙafafu a bayan katanga.

Ya 'yan uwa, babu wanda ya kira su. Sun ga hadari, sun san akwai koko a shanya, suka rufe nasu suka rugo. Mutum goma sha biyu, Zobida a gaba, garin fulawa duk a hannunta.

"Buɗe ƙofa, mai tumbi! Mun zo!"

Ƙofar lantarki ce, wuta kuwa babu. Amma tana da makullin buɗewa da hannu, kuma makullin yana aljihunsa. Ya taɓa shi. Ya ji sanyinsa a yatsa. Taku ashirin ne tsakaninsa da ƙofar. Sai Shaiɗan ya raɗa masa: su Cuthbert ne za su cece ka? Gobe a shagon aski a ce Mai Ganga ya roƙi gayya?

"Ku koma, Didi! Na iya!"

Ya ɗauko igiya, ya ɗaure ƙafar rufi ta dama, ya ɗaure ɗaya bakin a bayan akori-kura. Zobida ta ji tashin inji, nan take ta gane.

"Kada ka ja ta gefe ɗaya! Kai! Baba bai koya maka ba?"

Ya taka mai. Gefen dama ya zabura, na hagu yana nan inda tsatsa ta riƙe shi. Rufi ya murɗe, tayoyi suka yi tsalle daga dogo, kwano ya yi wata ƙara da aka ji har bakin titi, ya kife ƙasa a karkace. Ɗigon farko ya sauka a kan sanƙonsa.

Sai a lokacin ya buɗe ƙofa.

Suka afka da buhuna, da kwanuka, da bokitai, mata har da bakin zanensu. Suka yi ƙoƙarin ɗaga rufin, mutum goma sha biyu, ya ƙi. Ruwa ya yi kwana uku bai ɗauke ba. Ƙwayar da aka kwashe jiƙe ta yi furfura a cikin falon nan da ya ɓoye. Ranar Asabar matar ta zo, ta tsaga ƙwaya guda da wuƙa, ta kai hanci, ta mayar masa a tafin hannu. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam." Ta wuce gidan gaba.

Gida ya tafi, da katangarsa da kwalabensa. Gona ta koma hannun ƙungiya. Mutumin da ya yi motoci tara ya tare a ɗakin bayan gidan yayarsa, da matarsa da akwati biyu da takalmin Miami.

Faɗuwar farashi ce ta cinye shi? A'a. Farashi ya faɗo a kan kowa, ga ku nan kun yi ƙiba. Ruwa ne? Ruwa ya sauka a kan kowane rufi. Makullin da ke aljihunsa ne, da taku ashirin ɗin da ya ƙi yi. Girman kai, shi ya fitar da Iblis daga rahama, shi ya fitar da wannan bawan Allah daga gidan ubansa. Mai zai tashi ya faɗi, ya sake tashi, ba mu muke sa masa farashi ba, ana yanke shi ne a biranen da ba su san sunan garinmu ba. Amma itacen da ka dasa da maƙwabcin da ka tura wa rufi, waɗannan babu mai sauke musu farashi daga nesa.

Kada ku tafi da baƙin ciki, don Allah mai karɓar tuba ne. Gonaki tara na ƙungiya suka ci gwaji. Aka yi ranar taka koko a gidan Zobida, aka yayyafa wa ƙwaya ruwa, kowa ya tuɓe takalmi ya hau yana murza ta da ƙafa don ta yi sheƙi. Cuthbert yana kiɗa da kwalba da cokali, tukunyar miyar akuya tana tafasa, ga zoɓo mai sanyi a bokiti. Mai Ganga yana raɓe a gindin ayaba.

"Kai, ɗan gidan Baba," in ji Zobida, "tumbin nan aiki za mu ba shi. Hau, nauyinka ya fi na mutum uku."

"Didi, na manta yadda ake yi."

"Ƙafa ba ta mantawa. Cire Miami."

Ya cire. Ya hau. Taku biyu santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikin koko. Aka fashe da dariya, shi ma ya fashe, har hawaye suka zubo, babu wanda ya tambaye shi na mene ne. Cuthbert ya miƙa masa hannu.

"Wannan faɗuwar ganga nawa ce, yaro?"

"Kyauta ce, Kawu."

Tun ranar, shi ke zama a gindin mangwaron Zobida yana duban sama. Shi ne mai buga ƙarfe, kuma in aka zo turi, gefen hagu nasa ne.

Shekaranjiya da hantsi, sama tas babu ko gizagizai, aka ji ƙarfe yana kuka kamar za a fasa shi. Kowa ya yar da aiki ya rugo.

"Ina hadarin, Mai Ganga? Ka fara gane-gane ne?"

Ya nuna bakin hanya da sandar bugu. Wata farar mota ce ta tsaya. Wani baƙo ya fito da takalmi mai sheƙi da taswira a naɗe a hammata, yana tambayar ina shugabar manoma, wai an gano iskar gas a ƙarƙashin gonakin nan, kuma ya zo da farashin da babu mai ƙi.

"Ga shi can," in ji Mai Ganga. "Na san irin wannan iskar. Huɗu a dama, huɗu a hagu."

Baƙon yana nan a gari, gobe zai bi gida gida. Allah ya kiyaye mu daga katangar da za ta tare mana masu ceto, ya kiyaye mu daga makullin da zai kwana a aljihu ranar ruwa, ya sa ƙafafunmu su zo daidai. Amin.