Joel da Hotunan Bayan Dutse

A garin Zuru an yi wani matashi mai suna Joel, ɗan tsohon soja, wanda kowa ya shaida yana da kaifin ƙwaƙwalwa da zafin nema. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jira. Ko ruwa ya ɗora a wuta, sai ya buɗe murfin sau uku kafin ya tafasa. In yana zaune ƙafarsa na rawa, in yana tsaye makullin babur na juyawa a yatsansa.

Shi da kawunsa Francis, wanda ya yi ritaya daga sashen sadarwa na soja, suka haɗa hannu suka buɗe ɗan kamfani. Suna da ƙananan jirage marasa matuƙi guda biyu masu kamara, suna auna wa manoma gonaki, suna gano musu inda tsutsa ta shiga masara. Amma idon Joel ba a nan yake ba. Burinsa aikin tsaro, sintiri ta sama, kwangila da hukuma. Wannan kuwa sai da takardar izini daga Abuja, ga shi wata bakwai da nema, shiru kake ji.

"Kawu, wasu na can suna cin kasuwa, mu muna nan muna leƙen ganyen masara," in ji Joel, yana kai da kawowa a cikin shago.

"Zauna, ka ishe ni da zirga-zirga," in ji Kawu Francis. "Wannan sana'a ba sayar da shinkafa ba ce. Hoton da ke nuna wa manomi gonarsa, shi ke nuna wa ɓarawo ƙofa. Kafin ka tada jirgi, ka san wanda zai kalli hoton."

Ana nan, Kawu ya tafi Kaduna aikin ido. Kwana biyu da tafiyarsa sai ga wani mutum cikin farar shadda, ya ce shi wakilin kamfanin haƙar ma'adinai ne. Yana son hotunan duwatsun da ke bayan Ribah, da kowace 'yar hanyar ƙafa, da kowane mashigin rafi, cikin kwana uku.

"Ranka ya daɗe, ina takardar kamfanin naku?" Joel ya tambaya.

"Tana tafe. Amma in ba za ka iya ba, ba komai. Akwai wani a Kontagora da ya ce gobe ma zai fara." Ya miƙe kamar zai fita.

Joel ya ciro waya zai kira Kawu. Amma ya san abin da Kawun zai ce masa. Ya mayar da ita aljihu.

Washegari ya ɗaure jirgi a bayan babur ya kama hanya. A gindin waɗannan duwatsu ƙauyen su matarsa Rachel yake, amma saboda sauri ko shiga gaida surukai bai yi ba. Ya hau tudu ya tada jirgi, ya ɗauki komai. A kwana biyu ya gama, ya damƙa wa baƙon hotunan, aka sallame shi.

Daga nan hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya kira lambar mutumin, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Ya nemi sunan kamfanin a intanet, babu ko alamarsa. Ya yi ta bin masaukan baƙi na Zuru yana kwatance, ba wanda ya san mai farar shadda. Kawu ya dawo da bandeji a ido, Joel ya buɗe baki sau da yawa zai faɗa masa, sai ya fasa.

"Wai mi ke damunka?" Rachel ta tambaye shi. "Kwana uku ke nan kana ture tuwo."

"Aiki ne kawai," ya ce, ya fice.

A Lahadi ta uku, da hantsi, mutanen ƙauyen su Rachel suna coci, 'yan bindiga suka ɓullo ta wani kwazazzabo a bayan dutse. 'Yan sa-kai suna can suna tsare babbar hanya. Aka ƙone rumbuna, aka kore shanu, aka kashe mutum tara. Cikinsu har da Dominic, yayan Rachel.

Sojojin da suka bi sawun maharan sun tsinci wata waya a bakin rafi. Cike take da hotunan sama, kuma a kusurwar kowane hoto akwai sunan kamfanin su Joel. Da suka iso shagon, Kawu Francis bai yi faɗa ba. Ya juyo da idonsa mai lafiya ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Mi sunan mutumin?"

Joel ya sunkuyar da kai. "Alhaji kawai ya ce."

Wata biyar ya yi a tsare. Bincike ya nuna ba da haɗin bakinsa aka kai harin ba, aka sake shi. Amma an ƙwace jiragen, an rufe kamfanin, kuma Kawu da ya yi shekara talatin a soja ba tare da tabo ba ya daina zama cikin tsofaffin abokan aikinsa. Rachel kuwa ta koma gidansu.

Joel ya tafi ƙauyen neman gafara. Ya tarar da surukinsa zaune kusa da baƙar toka inda rumbunsa yake a da. Ya durƙusa.

"Baba, ban sani ba. Allah ne shaidata, ban sani ba."

Tsohon ya ɗaga hannu ya nuna bayan dutse.

"Kwazazzabon can, tun kakanninmu ta nan muke fitar da mata da yara in an kawo mana yaƙi. Baƙo bai taɓa sanin shi ba. Ran nan da aka ji harbi, can Dominic ya kora su, ya shiga gaba, ya yi kiciɓis da mutanen." Ya sauke hannunsa. "Na yafe maka, ɗana. Amma gaya mani, in sun dawo, ina za mu gudu?"



Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk mai sana'ar kayan da ke iya kare rai kuma ke iya halaka shi, dole ya san wanda yake sayar wa, da abin da za a yi da kayan. Jiran izini da binciken mai saye ba ɓata lokaci ba ne, su ne aikin kansa. Cinikin da aka ce maka babu lokacin tambaya a cikinsa, ka bar shi ya wuce, domin ba kai kaɗai ne za ka ɗauki abin da zai biyo baya ba.