Mutumin da Ya Sayi Tsawo

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Watari. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna nan suna tasowa. Allah ya ba shi lafiya, ya ba shi fadama mai kyau, ya ba shi mace mai haƙuri, Furera. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: gajere ne. Tun yana yaro ake tsokanarsa, ya girma da abin yana cinsa.

A shekarun nan na tsada, da magidanta suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana, ya gani a waya ana aikin ƙara tsawo a ƙasar waje. Ya sayar da fadamarsa a ɓoye. Ba ta isa ba. Sai ya zo wa Furera da fuskar mai tsoron Allah.

"Umara nake son zuwa, in roƙa mana sauƙi. Ki ba ni gonarki ta gado in cika."

Gonar nan ita ke riƙe da gidan. Amma wace mace ce za ta tare wa mijinta hanyar Ɗakin Allah? Ta ce, "Malam, ɗauki. Allah ya karɓa."

Ya sayar da gonar, ya wuce ƙasar da ake aikin, ba Makka ba. Likitan da ya fara gani ya auna shi, ya faɗa masa gaskiya. Karya ƙashi ake yi, a sa ƙarfe, a riƙa buɗawa kaɗan-kaɗan, sabon ƙashi yana cike gurbin. Amma jijiya da tsoka suna da iyaka. Jikinsa ba zai ɗauki fiye da faɗin yatsu uku ba. In aka wuce, ƙafafu za su yi wa gangar jiki da hannuwa yawa, tafiya ta lalace. Mutumin ya ce shi taƙi guda yake so. Likita ya ce ba da hannunsa ba. Sai ya nemi wani, wanda ba ya cewa a'a.

Ya 'yan uwa, wanda ya yi ƙarya da Ɗakin Allah, maganar likita ce za ta tsayar da shi?

Watanni suka shige. Yana bugo waya yana cewa ya sami aiki a Makka. Furera ta koma yi wa mutane surfe, tana karɓar tsaki tana dama wa yara. Duk wadda ta tausaya mata, sai ta ce, "Ai yana can yana mana addu'a."

Ranar dawowarsa ta share gida, mata suka cika tsakar gida suna jiran zamzam. Mota ta tsaya. Ƙanensa Iliyasu da direba suka cicciɓo shi. Ƙafafun sun yi zaƙo-zaƙo kamar na shamuwa. Gwiwa ba ta lanƙwasuwa, diddige ba ya taɓa ƙasa, ƙafar dama ta mutu, ramukan ƙarfe suna fitar da ruwa.

Furera ta ce, "Innalillahi! Hatsari kuka yi a Makka?"

Mijin ya sunkuyar da kai. Iliyasu ya ce mata, "Yaya, bai je Makka ba."

Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Furera ta daɗe tana kallon ƙafafun nan. Ba ta yi kuka ba.

"Malam, na taɓa ce maka ka yi mini gajarta? Da yunwar 'ya'yana ka sayo wannan?"

Ba ta tafi gidansu ba. Har yau ita ke wanke masa ciwon, amma in ya yi magana, sai ta dubi Iliyasu ta ga ko gaskiya ne. Shi kuwa a zaune yake salla, ƙafafu miƙe. Goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba.

Ya 'yan uwa, ba neman magani na hana ba. Wanda aka haifa da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ya je a gyara, ba laifi. Amma wannan lafiyayye ne. Ya raina awon da Mahalicci ya yi masa, ya ƙi jin masani, ya ci amanar wadda ta yarda da shi. Ya nemi mutane su ɗaga kai su dube shi, yanzu kawar da kai suke yi.

Allah ya sa mu gode da yadda ya yi mu. Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda suka amince mana. Amin.